Mai faɗin ƙafa da takalmin tenis

Bayan kaka, in an saida wake da gyaɗa, manoma da makiyaya da yawa sukan saya ma kansu da ƴaƴansu ƴan lakwal takalmin tenis, wanda wasu ke kira kambas. Yana kare ƙafa daga ƙaya, da ƙarangiya, da zafin rairayi. Amma sau da yawa mutum yakan kai takalmi gida, ya sa kwana 2, ya rataye shi don ya matse shi. Kuɗi sun tafi, ɗan kasuwa kuwa ba ya karɓar abin da aka taka.

Dalili shi ne: wanda ya girma yana tafiya ba takalmi, ko da fade, yatsunsa sukan baje, gaban ƙafarsa ya yi faɗi. Lambar da ke jikin takalmi kuwa, 40 ko 42, tsawo kaɗai take aunawa. Lamba 3 santimita 2 ke nan. Takalma biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a faɗi. In mutum ya ƙara lamba don neman faɗi, takalmin zai yi masa tsawo, diddige ya riƙa fita.

Ga yadda ake zaɓe. A gwada da marece, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yinin tafiya. A gwada a tsaye, ƙafa biyu duka, don ɗaya takan fi ɗaya girma. Babbar ake bi. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. In shimfiɗar ciki tana fita, a ciro ta, a taka. In ƙafa ta zarce gefenta, takalmin bai isa ba.

A nemi mai zagayayyen baki, kuma mai igiya, don ana sassauta ta. Yadi da fata sukan ɗan saki, roba ba ta saki. A gwanjo akan samu takalman Amurka masu alamar faɗi. A na maza, D matsakaici ne, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi ƙwarai.

Wanda zai yi aike kasuwa, ya tsaya bisa kwali, a zana ƙafarsa, a yanke, a tafi da shi. Kwalin ya shiga takalmi ba tare da ya lanƙwashe ba.

Matsattsen takalmi yana sa bororo da kanta, yana sa farce ya nutse cikin nama. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar lura, don sau da yawa ba ya jin zafin rauni, miki kuma yakan daɗe bai warke ba. In ya ga rauni, ya je likita da wuri.

Kafin a miƙa kuɗi, a taka, a zaga rumfa. In ya matse a kasuwa, a daji ma zai matse.