Shagon kayan rediyo ya koma shagon caja

Duk wanda ya taso a zango a shekarun 1980 da 1990 ya san irin shagon nan: ɗan ɗaki a bakin titi, ƙaurin dalma na tashi, gwangwanayen madara cike da transisto da fis da guntayen waya. Maigida ya kawo rediyonsa da ta daina kama BBC Hausa a gajeren zango, yara sun yi cirko-cirko suna kallon yadda ake kwance ta. Yaro mai ƙwazo kan tara kuɗin tara, ya sayi ƙaramin kwan fitila da mota ta tsohon kaset, ya je gida ya haɗa fanka ko fitilar gwangwani.

Yau a Sokodé, ka bi babban titin da ya taso daga Lome, ko ka shiga Didaouré, tsohuwar unguwar fatake, caja da iyafis da gidan waya za ka fi gani a rataye. Haka abin yake a Dapaong, inda Cinkassé ke kusa, kaya kuwa ba sa yankewa a bakin iyakar Burkina Faso.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rediyon China ta yi arha har kuɗin gyara ya kusa kamo kuɗin sabuwa, wa zai gyara? Sannan wayar Tecno ko itel ta haɗiye rediyo da kaset da tocila gaba ɗaya. Cikinta ma ba irin na da ba ne. Tsohuwar rediyo kana ganin kowane ɓangare da idonka, ka cire wanda ya ƙone ka liƙa wani. Na waya ƙanana ne kamar ƙwayar gero, yawanci gilashi ko batir ake canzawa ɗungurungum. Mai shago ya gane transisto na shekara a gwangwani, caja kuwa kullum tana fita.

Ba Togo kaɗai ba. RadioShack ta Amurka ta durƙushe a 2015, Maplin ta Ingila ta rufe shagunanta a 2018.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan shago makaranta ce da ba a biyan kuɗinta. A nan yaro ke koyon auna wuta da mita, da sanin me ya sa abu ya mutu. Yaron shagon caja lissafin ciniki kawai yake koya, kuma ciniki ne da kowa ke yi, ribar ta zama ƙanƙanuwa.

Aikin hannu dai bai ƙare ba, ya canza wuri ne. A ƙauyukan yankin Savanes da wutar CEET ba ta kai ba, sola ake dogaro da ita, kuma batir da inbata suna lalacewa. Iyaye masu neman inda za su kai yaro koyon sana'a, ku tambayi ogan tun farko: yana buɗe kaya ya gyara, ko sayarwa kawai yake yi?