Amfilifayar Jita Mai Bawul: Yadda Ake Haɗa Ƙarama a Gida

Jitar lantarki ba ta da murya tata ta kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, idan aka kaɗa tsirkiya sai motsinta ya haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Wannan wuta ba za ta iya motsa sifika ba sai an ƙara mata ƙarfi, kuma aikin amfilifaya ke nan. Yawancin waɗanda ake gani a majami'u da wuraren biki a Nukkai da sauran unguwannin Jalingo masu taransisto ne, domin sun fi araha, sun fi sauƙin ɗauka, kuma suna jure wuya. Amma akwai tsohon nau'i mai aiki da bawul, ƙwan gilashin nan da ke yin ja a cikin rediyoyin da, wanda makaɗa jita a duniya suka ƙi rabuwa da shi har yau. Ƙaraminsa, mai wat biyar ko ƙasa da haka, mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya haɗa shi a kan teburinsa.

Bawul ƙwai ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙera na farko a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa raga a 1906, abin da ya ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti. A tsakiyarsa akwai zare mai ɗumama wani siririn bututu da ake kira katod. Idan katod ya yi zafi sai ya riƙa sakin ilektaron, su kuma su nufi wani farantin ƙarfe da ke kewaye da shi, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. Ragar tana tsakaninsu kamar mai tsaron ƙofa: ɗan canji kaɗan a wutar da ke kanta ya isa ya rage ko ya ƙara yawan masu wucewa. Idan aka kai wutar jita kan ragar, sai siffarta ta fito a farantin ta ninka sau da yawa. Da irin waɗannan ƙwayaye aka saurari Sashen Hausa na BBC lokacin da ya fara a 1957, kafin taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya yi arahar da ta kore su daga kasuwa.

Dalilin da ya sa jita ta riƙe bawul yana cikin abin da ke faruwa idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa. Amfilifaya mai taransisto tana ba da sauti tsaf har iyakarta, da ta kai iyakar sai ta datse shi farat ɗaya, ya fito da ƙara mai soka kunne. Bawul kuwa a hankali yake sarewa. Sautin yakan yi kauri, ya ɗan yi gurnani, ya daɗe yana amo, kuma yana bin hannun makaɗi: ya taɓa a hankali ya ji shi garau, ya doka da ƙarfi ya ji ya dushe. Wanda ya saba jin makaɗan Agadez irin su Bombino da Mdou Moctar ya san daɗin jita mai kaushin murya. Sai dai wannan zaƙi ba ya fitowa sai an buɗe murya kusan ƙarshe, kuma amfilifaya mai wat 50 da aka buɗe haka ba ta zaunuwa a ɗaki. A nan ƙaramar ta yi fice. Kunne ba ya auna ƙara da lissafin wat kai tsaye, sai an ninka wat sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Ke nan mai wat biyar tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50, wanda ya ishi ɗakin koyo, ƙaramar majami'a ko ɗakin ɗaukar sauti, har ma yakan yi wa maƙwabta yawa da dare.

Tsarin da masu koyo suka fi farawa da shi shi ne na Champ, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1948, musamman samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950. An yi ta ne don ɗalibai, amma ta shiga manyan ɗakunan ɗaukar sauti. Bawul uku gare ta. Na farko 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83, tagwaye ne a ƙwai ɗaya: rabin farko ya karɓi wutar jita ya ƙara ta, ta bi ta maɓallin murya, rabi na biyu ya sake ƙarawa. Na biyu 6V6, shi ne mai ƙarfin da ke tura sifika. Na uku 5Y3, ba ruwansa da sauti, aikinsa mai da wutar gida mai kai da komo zuwa mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir. Ban da taransifomomi biyu da sifika mai inci takwas, sauran kayan ba su wuce cikin tafin hannu ba: rezistoci goma sha kaɗan, kafasitoci 'yan ƙalilan, da fiyus. Maɓalli ɗaya tak gare ta. Mai son kaucewa 6V6 yana iya sa EL84, wanda Philips ya fitar a 1953 kuma ya cika rediyoyin Turai. Shi ya fi son wuta wajen bolt 250, ya kuma fi saurin yin gurnani. Masu haɗawa da yawa suna ajiye 5Y3 su sa dayod 1N4007, wanda kowane shagon gyaran talabijin ke da shi, kuma ga mai farawa wannan shawara ce mai kyau, don ta rage zafi, kuɗi da naɗi guda a taransifoma.

Rezista, dayod, soket, waya da dalma duk ana samunsu wajen masu sayar da kayan gyara a Jalingo, abin da ya gagara a aiko shi daga Sabon Gari ta Kano, Onitsha ko kasuwar Alaba ta Legas. Kafasita ce ke son lura: dole a duba jikinta a ga an rubuta bolt 450 ko sama, ba irin ta rediyon batir ba. Bawul sabo kuwa daga waje yake zuwa. Masana'antun da suka rage ba su da yawa, akwai JJ Electronic a Sulobakiya, akwai ta birnin Saratov a Rasha mai fitar da Sovtek da Electro-Harmonix, sai wasu a Sin. Ƙarancinsu ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashi ya yi tsalle a duniya baki ɗaya. Tsohuwar rediyon Philips ko Grundig da ke kwance a ɗakin ajiya tana iya ba da EL84 da soket ɗinsa, wani lokaci har da taransifomomi. Amma a nan akwai tarko. Wasu rediyoyin da ba su da taransifomar wuta sam, wutar gida ake haɗawa kai tsaye da jikinsu. Tunda tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, mai da irin wannan rediyo amfilifayar jita daidai yake da miƙa wa makaɗi wayar Nepa a hannu.

Taransifomomi biyu su ne ƙashin bayan aikin, su ne kuma mafi tsada da nauyi. Ta farko tana karɓar wutar gida ta fitar da kashi biyu: bolt 6.3 don ɗumama zaruruwa, da babbar wuta don faranti. Ga EL84 da dayod huɗu, naɗin bolt 190 zuwa 200 yana ba da abin da ake nema bayan an tace. Mai yin oda daga waje ya tabbatar ta bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, yadda wutar Nijeriya take, domin ta Amurka 120 ce mai zagaye 60, kuma saka ta a soket ɗin nan ƙonewa ce nan take. Ta biyu tana tsakanin bawul da sifika. Bawul yana son nauyin om 5,000, sifika kuwa om takwas ce, don haka ake naɗa ta da rabon 25 da ɗaya: duk zagaye 25 a gefen bawul, zagaye ɗaya a gefen sifika.

Masu naɗin kwayil, waɗanda ke farfaɗo da fanka, injin ruwa da sitabilaiza, suna iya naɗa duka biyun, amma ta sautin tana da sharaɗin da ba su saba da shi ba. A taransifomar wuta ana saƙa ɓallayen ƙarfen ne, wannan ta dama wannan ta hagu, don su kama juna gam. A ta sautin amfilifaya mai bawul ɗin ƙarfi ɗaya, wuta tana ratsa naɗin ko da ba a kaɗa komai, idan aka saƙa ƙarfen haka sai ya cika da maganaɗisu, sautin ƙasa ya mutu. Maganinsa a jera dukkan ɓallaye masu siffar E gefe guda, miƙaƙƙun su ma gefe guda, a sa siririyar takarda tsakaninsu. Wannan 'yar takarda ita ce bambancin amfilifaya mai murya cikakkiya da mai kukan gwangwani, kuma ya kamata mai aikin ya tsaya a kai har a sa ta. Haka nan a shimfiɗa takardar kariya tsakanin kowane layin waya, saboda wutar da ke kan wannan naɗi tana haura ta farantin nesa ba kusa ba yayin kiɗa.

Ana ɗora komai a kan akwatin alminiyum ko ƙarfe da aka huda wa gurbin soket. Inda aka ajiye kowane abu yana da tasiri a kan sauti fiye da tsadar kayan. Taransifomar wuta ta zauna a ƙarshe ɗaya, ramin jita da 12AX7 a ɗaya ƙarshen, kuma a juya taransifomomin biyu kada ƙarafunansu su fuskanci gefe guda. Wayoyi biyu na bolt 6.3 a murɗe su tare kamar igiya, a kwantar da su jikin akwati nesa da wayar raga. Wayar raga ta zama gajera iyakar iko. Duk wayoyin ƙasa na sauti a tara su wuri ɗaya, ita kuma wayar ƙasa ta fulogi mai baki uku a ɗaure ta da ƙusa tata daban a jikin akwatin. Yawancin gunjin da sabon maƙeri ke ɗora wa bawul laifinsa daga waɗannan wayoyi yake. Dalma mai kyau tana sheƙi, ta malale ta rungume ƙafar kayan. Wadda ta dunƙule ta yi toka-toka za ta saki wata rana.

Batun haɗari ba na wasa ba ne. A cikin Champ akwai wuta sama da bolt 300, kuma kafasitocin tacewa suna riƙe ta bayan an zare fulogi. Don haka ake liƙa rezista mai om 220,000 da wat biyu a kan babbar kafasita, ta riƙa zubar da wutar da an kashe, sannan duk da haka ba a sa hannu sai mita ta nuna ta sauka ƙasa da bolt goma. Mai awo a kan na'ura mai kunne yana aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, don kada wuta ta bi ƙirjinsa daga hannu zuwa hannu. Yana sa takalmin roba, ba ya tsayawa a kan jiƙaƙƙen siminti, yana cire zobe da agogo, kuma ba ya barin yara kusa da teburin. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa ta gaske, sai an kafa sandar tagulla a ƙasa an haɗa. Wanda bai taɓa gyara na'urar wutar gida ba ya fara zama wajen ƙwararre tukuna.

Kunnawar farko ana yin ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60, da aka jera a kan wayar wuta. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki. Idan komai daidai ne, ƙwan zai yi haske sau ɗaya ya koma ja-ja. Idan ya tsaya da haske tar, akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan ya shanye wutar da za ta ƙone taransifoma. Ana fara gwadawa ba bawul, a auna bolt 6.3 da babbar wutar, sannan a kashe, a zubar da wuta, a sa su. Kafin nan sifika ta kasance a haɗe, domin amfilifaya mai bawul da aka kaɗa ba sifika tana iya huda naɗin taransifomar sauti. Bayan daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin zaruruwa sun yi ja, sai a auna katod: wajen bolt ɗaya da rabi a 12AX7, kusan 19 a 6V6 mai rezistar om 470. Idan amfilifayar ta fashe da ihu da an kunna, galibi wayoyi biyu na taransifomar sauti ne aka juya, a musanya su. Farantin bawul da ya fara ja da kansa kuwa alama ce ta a kashe nan take.

Sauran ƙalubalen na wutar gari ne da yanayi. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Yola ke kawowa Taraba takan sauka ta kuma hau, shi kuwa zaren bawul ba ya son ya kauce wa 6.3 da fiye da kashi goma cikin ɗari. Ƙasa da haka sauti ya yi laushi katod ya lalace a hankali, sama da haka kwanansa ya ragu, don haka sitabilaiza ba ado ba ce. Ƙaramin janareta yana ɗaukar amfilifayar cikin sauƙi tunda cinta bai wuce na tsohon ƙwan fitila ɗaya ba, amma a bar shi ya daidaita kafin a haɗa. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul tana sa zuzu a sifika, ta kuma ɗumama taransifoma.

Bawul ɗin ƙarfi yana cin wutarsa cikakkiya ko ana kiɗa ko ba a yi, gilashinsa yana zafin da zai ƙona yatsa, saboda haka a zafin Maris da Afrilu bayan akwatin katakon ya zauna a buɗe, nesa da bango. Ƙurar hunturu da ta taru a kan soket, idan danshin damina ya same ta, tana zama hanyar da babbar wuta ke tsallakawa tsakanin ƙafafu, shi ya sa ake share ta da busasshen buroshi bayan an zubar da wuta. Ba a ɗaga amfilifaya tana da zafi, kuma in za a hau babur da ita gara a zare bawul a naɗe su a tsumma. 12AX7 yakan yi shekaru masu yawa bai gaji ba, 6V6 ko EL84 ne ke riga shi tsufa, alamarsa raguwar ƙara da dushewar sautin sama. A wannan tsari rezistar katod ce ke daidaita cin wutar bawul da kanta, don haka canza shi bai wuce a zare tsohon a dasa sabo ba, sannan a sake auna katod a ga adadin bai kauce ba.