Iyaye da Sabon Kiɗan Waƙoƙin Yara na Talabijin

Ran 10 ga Nuwamba, 1969, aka fara nuna wani shirin yara a talabijin a ƙasar Amurka, ana ce da shi Sesame Street. Waɗanda suka kafa shi, watau Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett, sun lura yara kan hardace waƙoƙin talla ba tare da kowa ya koya musu ba, saboda haka suka ƙudura koyar da baƙaƙe da ƙirga ta wannan hanya. Joe Raposo shi ya tsara karin waƙar buɗe shirin, wani mabushi kuwa mutumin Beljiyam, Toots Thielemans, ya raka ta da ɗan abin busan nan da ake kira hamonika.

Yaran da suka fara jin waƙar nan sun girma sun haifi nasu, amma ba su tarar da ita yadda suka baro ta ba. A 1992 aka juya kiɗanta zuwa salon kalifso na tsibiran Karibiyan. A 2007 aka sāke shi da bugu irin wanda samarin birane ke so. A 2005 kuma, da aka sanya wata sabuwar waƙa mai yi wa dodon nan mai son biskit gargaɗi ya rage ci, manya suka yi ta ƙorafi, har jita-jita ta bazu wai za a mai da shi mai cin ganye.

To, mene ne asalin wannan gunaguni? Abu uku ke cikin kowace waƙa: kalmomi, da kari, da kiɗan da ke rakiyarsu. In an duba waƙar buɗe shirin, kiɗan ne aka fi taɓawa, karin kuwa yana nan, kowa ya ji ya gane shi. Yaro ɗan shekara huɗu ba shi da wata tsohuwar waƙa da zai gwada da sabuwa. Wadda ya tarar ita ce ta ainihi a gare shi. Uba kuwa ba waƙar kaɗai yake ji ba, yana jin ɗakin da ya zauna, da waɗanda suka zauna tare da shi, waɗansu ma sun riga mu gidan gaskiya. Hausawa sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Amma fa kada a ɗauka begen da ne kawai. Tun farko an tsara shirin domin manya su zauna su kalla tare da yara, gama abin da yaro ya rera da uwarsa ya fi zama a ransa. Muddin kari bai sāke ba, uwa tana iya amsawa ko da wane irin kiɗa. In kuwa kari ya sāke, ko kiɗa ya danne kalmomi, ko sauri ya hana yaro rarrabe gaɓoɓi, lalle an yi hasara, kukan iyaye kuma yana da dalili.

Maganar nan ta shafi ƙasar Hausa, domin a 2011 gidan talabijin na NTA ya fara nuna irin shirin na Nijeriya, mai suna Sesame Square, daga baya kuma aka juya shi da Hausa. A nan akwai ƙarin wuya. Waƙar Hausa bisa nauyin gaɓa take tafiya, tsawon wasali kuwa yakan rarrabe ma'ana. In baƙon kari ya ja wasalin da ya kamata ya gajarta, sai garin mutane ya koma garin tuwo a kunnen yaron da yanzu yake koyon magana. Waƙoƙin gaɗa da na cikin tatsuniya ba su da wannan aibi, gama karinsu daga harshen ya tsiro.

Saboda haka malamin da ke horar da masu koyar da ƙananan yara kada ya auna waƙa da tsufanta ko sabuntarta. Ya tambaya: ana jin kowace kalma sarai? Kari ya bi nauyin gaɓoɓin harshen? Babba yana iya amsa wa yaro? In duk ukun nan sun samu, ko kalangu ya raka ta ko na'ura, waƙar ta yi aikinta.