Ƙananan Motocin Soja: Yadda Ake Haɗa Kyau da Araha

Yara, wane ne cikinku bai taɓa ƙera mota da karan dawa ba? Bayan girbi, kukan fere kara, ku soke shi da ƙaya ko tsinke, ku yanka tsohon takalmin roba ku yi ƙafafu. Wasu kuma da gwangwanin madara da waya suke yin tasu. In motar ta yi kama da ta gaske, kowa sai ya tsaya ya duba.

A ƙasashe kamar Ingila da Faransa da Japan, akwai masana'antun da ke yin irin waɗannan ƙananan motoci da roba. Ba a haɗe suke sayar da su ba. Gunduwa-gunduwa ake zuba su cikin kwali, mai saye shi zai haɗa da gam, ya shafa fenti. Da Faransanci ana kiran abin maquette. Cikin waɗanda aka fi saye akwai motocin soja: jif, da manyan motocin ɗaukar kaya, da tankokin yaƙi. Yara da manya suna haɗa su don su koyi tarihi, su kuma ga yadda ake gina mota.

Masu yin wannan kaya suna da matsala guda. Mai saye yana son motarsa ta yi kama da ta gaske, har ƙusoshinta su fito. Amma yana son kuɗinta kada ya fi ƙarfin aljihunsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. To, yaya za a yi a samu adon, a samu arahar?

Ma'auni

Da fari sai mu san ma'auni. A jikin kowane kwali ana rubuta lamba kamar 1/35 ko 1/72. Ma'anar 1/35 ita ce an rage kowane sashe na motar sau 35. Santimita 35 a jikin babbar mota ya zama santimita 1 a jikin ƙarama.

Ga misali. Jif ɗin da sojojin Amurka suka yi aiki da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, tsawonta wajen santimita 335 ne. In muka raba 335 gida 35, za mu samu santimita 9 da rabi da ɗan ɗoriya. In muka raba gida 72, ba za ta kai santimita 5 ba, wato kamar tsawon kwalin ashana. Ƙarama ta fi araha, don robar da ta ci kaɗan ce. Babba kuwa ta fi nuna ƙananan abubuwa, kamar sitiyari da fitilu da shebur ɗin da ke rataye a gefe.

Ma'aunin 1/35 yana da labari. Wani kamfanin Japan mai suna Tamiya, a garin Shizuoka, ya fara da sana'ar katako a 1946. A farkon shekarun 1960 ya yi wata tankar Jamus mai suna Panther da roba. An so a sa mata ɗan inji da batura don ta yi tafiya, sai aka yi ta daidai girman da baturan za su shiga. Da aka auna, sai aka ga ta kusa kashi 1 cikin 35 na tankar gaske. Daga baya wasu kamfanoni suka bi wannan ma'auni.

Ina kuɗin yake tafiya?

Kun taɓa ganin maƙeran tukunyar sanholo? Sukan narka sanholo, su zuba cikin mazubin da suka yi da ƙasa. In ya huce, sai su fasa ƙasar, tukunya ta fito. Haka ake yin waɗannan motoci, sai dai mazubinsu na baƙin ƙarfe ne, ba a fasa shi. Ɓari biyu ne da shi. Ana narka wata roba mai suna polistiren da zafin da ya kai wajen digiri 200, inji ya tura ta ciki da ƙarfi. Cikin ƙasa da minti guda ta daskare, mazubi ya buɗe, sassan mota su faɗo manne da wasu sandunan roba, kamar ƴaƴa a jikin reshe.

Robar ba ta da tsada sosai. Mazubin shi ke cin kuɗi, domin sassaƙa shi yakan ɗauki watanni. Kowace ƙusa da za a gani a jikin motar, sai an haƙa raminta a cikin ƙarfen.

Mu yi lissafi. A ce mazubi ya ci jaka 30 000. In aka buga mota 1 000 kawai, kowace mota za ta ɗauki jaka 30 na kuɗin mazubin. In aka buga 60 000, kowace za ta ɗauki rabin jaka, wato dala ɗari. Kun ga ke nan, yawan masu saye shi ke kawo araha. Amma in kaya ya yi tsada tun farko, masu saye za su ragu, tsadar kuma ta ƙaru.

Dabarun masana'antu

Dabara ta farko ita ce a rage kuɗin abin da ba motar ba. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, ya yi haka a farkon shekarun 1950. Wani babban kanti mai suna Woolworths ya so a sayar da ƙaramin jirgin ruwan Airfix a kan sule biyu. Sai kamfanin ya bar kwali, ya zuba sassan cikin leda, ya buga bayanin haɗawa a takardar da ke rufe bakin ledar. Da haka yara masu ɗan kuɗin kashewa suka iya saye.

Dabara ta biyu ita ce mazubi ɗaya ya yi aiki da yawa. Motocin soja da dama ƙafafunsu da ƙasansu iri ɗaya ne, samansu kawai ya bambanta. Wata ta ɗaukar sojoji ce, wata ta ɗaukar mai, wata ta ɗaukar marasa lafiya. Sai a yi mazubin ƙasan sau ɗaya, a riƙa canza na saman.

Dabara ta uku ita ce a bi tsakiya. Tanka a kan sarƙa take tafiya. In aka yi sarƙar da roba mai laushi guda ɗaya, tana da araha da sauƙin sawa, amma ba ta kwanciya kamar ta ƙarfe. In aka yi ta gaɓa-gaɓa, tana da kyau ƙwarai, amma gaɓoɓin sukan fi 150, ga tsada ga cin lokaci. Sai wasu suka yi dogayen guntaye don wuraren da sarƙar ta miƙe, da ƴan gaɓoɓi don inda ta lanƙwasa.

Yau kuma kwamfuta tana taimakawa. Ana zuwa gidan tarihi a auna motar gaske da na'ura mai haske, a zana sassan a kwamfuta, a gwada su kafin a taɓa ƙarfe. Kuskuren da aka gani a zane ya fi sauƙin gyara bisa wanda aka riga aka sassaƙa.

Aikin mai haɗawa

Sauran aikin yana hannun mai haɗawa. Akwai ƙarin sassa na tagulla da ake sayarwa daban, wani lokaci kuɗinsu ya kan kai na motar kanta. Mai dabara ba lalle ya saye su ba. Yakan goge bakin kowane sashe da takardar yashi kafin ya sa gam. Yakan zare siririyar waya daga tsohuwar wayar lantarki ya yi marikin ƙofa. Zaren ɗinki ya zama igiya. Takarda mai laushi, in an jiƙa ta da gam da ruwa, ta zama tanti. Yakan shafa fenti siriri sau biyu ko uku, maimakon mai kauri sau ɗaya, don kada ƙusoshin su ɓace. A ƙarshe ya niƙa jar ƙasa, ya ɗan goga a ƙafafu, motar ta zama kamar ta dawo daga doguwar tafiya.

Ku ma kuna iya yin haka da motocinku na kara da gwangwani. Ku auna, ku raba, ku yi a hankali. Wuƙa da bakin gwangwani suna yanka, saboda haka ku yi aikin kusa da babba. Motar da aka auna da kyau ta fi wadda aka cika da ado ba awo.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar lambar 1/35?
2. Tsakanin roba da mazubi, wanne ya fi cin kuɗi? Don me?
3. Wace dabara Airfix ya yi don ya sayar da jirginsa sule biyu?
4. Tsawon wata mota santimita 700 ne. Nawa zai zama a ma'aunin 1/35?

Aiki

Ku auna tsawo da faɗin amalanken jaki ko na shanu a garinku. Ku raba kowace lamba gida 20. Ku ƙera ƙaramin amalanke da karan dawa bisa lambobin da kuka samu, ku kawo wa malam ya gani.