Hasashen Tashin Igiyar Ruwa Kafin a Tura Kwale-kwale

Wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna ta wajen Kabala ko Unguwar Rimi a wani yammaci na watan Mayu, zai iya ganin ruwa kwance luf, kwale-kwalen masunta na yawo a kai. Kafin rabin sa'a sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwan ya murtuke. Jama'a kan ce ruwa ba shi da tabbas. Amma masana sun nuna cewa tashin igiyar ruwa yana bin ƙa'ida, har ana iya lissafa shi.

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa, kuma abubuwa uku ke ƙayyade girmanta: ƙarfin iskar, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da kuma tsawon filin ruwan da ta ratsa ba tare da wani tudu ko itace ya tare ta ba. Wasu masana biyu, Harald Sverdrup da Walter Munk, su ne suka tsara wannan lissafi a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin a san ranar da ƙananan jirage za su iya sauke sojoji a gaɓar teku. An buga aikin nasu a 1947.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ɗalibi na iya gwadawa da daro cike da ruwa: idan ya hura daga gefe guda, zai ga kusa da bakinsa ruwan bai motsa sosai ba, can ɗaya gefen ne yake bugun bango. Ƙa'idar ita ce, idan tsawon filin ruwa ya ninku sau ɗari, tsayin igiya yakan ninku kamar sau goma. Alal misali, iska mai gudun kilomita 40 a sa'a, in ta ratsa kogi mai faɗin mita 200, igiyar da za ta tayar ba ta wuce santimita 10 ba. In kuwa ta sami kilomita 20 na ruwa, kuma ta ɗauki sa'o'i tana kaɗawa, igiyar za ta doshi mita guda.

Irin wannan fili yana nan a Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kogin Kwara a 1968. Tafkin ya miƙe daga arewa zuwa kudu, faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Hadarin ƙasar nan kuwa daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Saboda haka matuƙin da ke gaɓar gabas, wajen Wara, zai ga ruwan gabansa a natse ko da iska ta fara, domin tudu da itatuwa sun kare shi. Sai ya yi nisa, inda komawa ta yi wuya, sannan ya tarar da raƙuman ruwa. Haka abin yake ga kowane lungun tafki, ko a Kainji ko a Shiroro da ke kan Kogin Kaduna. Lungun da iska ke fitowa daga bayansa mafaka ne. Wanda bakinsa ke fuskantar iskar kuwa tarko ne, don igiya in ta shigo wuri marar zurfi sai ta takure, ta miƙe tsaye, ta karye a kan jirgi.

A kogi akwai ƙarin matsala. Idan iska ta yi gaba da gaba da gudun ruwa, igiyoyi kan matsu kusa da juna, su yi tsini. Wannan na faruwa a Kaduna da damina, lokacin da kogi ya cika yana gangarawa kudu maso yamma, iskar damina kuma tana tahowa daga can.

To, yaya ake gane lokaci? Hadarin farkon damina da na ƙarshenta ya fi tsanani, kuma sau da yawa da yamma yake zuwa, bayan rana ta gasa ƙasa. Yakan yi tafiyar kusan kilomita 50 a sa'a, da iska mai sanyi da ƙura a gabansa, wadda ke riga ruwan sama isowa. Sauti yana tafiyar kilomita guda a cikin daƙiƙa uku. Wanda ya ga walƙiya, ya ƙirga daƙiƙa 30 kafin ya ji tsawa, to hadarin na nesa da shi da kilomita 10, watau tafiyar minti 12. Mai tuƙi da filafili, wanda da ƙyar yake yin kilomita 5 a sa'a, kilomita ɗaya kacal zai ci a wannan lokaci.

Fuskar ruwan ma ma'auni ce. A ma'aunin iska da Francis Beaufort na sojan ruwan Ingila ya tsara a 1805, farin kumfa kan fara bayyana jefi-jefi a kan igiya idan iska ta kai kilomita 12 zuwa 19 a sa'a. In ya yawaita, iskar ta haura kilomita 20, kuma ƙaramin kwale-kwale ba shi da sauran dalilin barin gaɓa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi kullum, sai dai hasashen na yanki ne baki ɗaya, ba na wani lungu guda ba.

Lissafin ba ya cika sai an duba jirgin kansa, wato tazarar da ta rage tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, kuma an ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Jirgin da aka danƙare har bakinsa ya rage taƙi guda daga ruwa, igiya mai santimita 30 ta isa ta shiga cikinsa, kuma iska matsakaiciya na iya tayar da ita a filin da bai wuce kilomita 3 ba.