Wa Ke Da Iko Da Bakin Kogi? Taƙaddamar Ƙaramar Hukuma Da Masu Filaye A Amurka

A ranar 23 ga watan Yunin shekara ta 2017, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a da ta samo asali daga wasu filaye biyu masu maƙwabtaka da juna a bakin kogin St. Croix, cikin jihar Wisconsin. Alƙalai biyar daga cikin takwas da suka saurari ƙarar sun ce ƙaramar hukumar yankin ba ta tauye haƙƙin kowa ba da ta hana wasu 'yan'uwa huɗu sayar da ɗaya daga cikin filayen, wanda iyayensu suka mallaka musu.

Watanni biyar kacal bayan wannan nasara, majalisar dokokin jihar ta karɓe ikon daga hannun ƙaramar hukumar.

Shari'ar, wadda aka fi sani da sunan iyalin Murr da suka shigar da ita, ta fito da wata tambaya da ta daɗe tana haddasa jayayya a Amurka: idan hukuma ta taƙaita gine-gine a bakin kogi domin amfanin jama'a, wa zai ɗauki asarar, mai fili ko kuwa baitulmali?

Yadda ikon ya sauko ga ƙananan hukumomi

A tsarin Amurka, ba gwamnatin tarayya ce ke tsara yadda za a yi amfani da filayen jama'a masu zaman kansu ba. Wannan iko na jihohi ne, su kuma sukan miƙa shi ga birane da gundumomi, waɗanda su ne makwafin ƙananan hukumomi. Jihar Wisconsin tana da irin waɗannan gundumomi guda 72.

Tsarin mulkin jihar ya tanadi cewa duk ruwan da jirgi ko kwale-kwale zai iya bi hanya ce ta kowa da kowa har abada, wanda ke nufin gwamnati riƙon amana kawai take yi wa jama'a. To amma mallakar ruwa ba ta da wani amfani idan abin da ke gangarowa cikinsa daga tudu ya gurɓata shi. Wannan ne ya sa a shekarar 1966 jihar ta kasance cikin na farko a Amurka da suka wajabta wa gundumominsu kafa dokar gine-gine ta musamman a gaɓar ruwa. Gundumar da ta gaza yin tata dokar kuwa, jiha ce za ta rubuta mata.

Dokar ta shafi duk filin da ke cikin tazarar ƙafa 300, wato kimanin mita 90, daga bakin kogi ko rafi, da kuma ƙafa 1,000 daga bakin tafki. A cikin wannan yanki, gini sai ya ja baya da ƙafa 75 daga alamar da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika. Akwai kuma tsiri mai faɗin ƙafa 35 daga bakin ruwan da ba a yarda a share itatuwa da ciyayin da ke cikinsa ba, in banda ɗan wurin da aka ƙayyade domin hangen ruwa da sauka zuwa gare shi.

Dalilan ba su da wuyar fahimta. Saiwar itatuwa ce ke riƙe gaɓa ta hana zaizayar ƙasa. Rufin gida da daɓen siminti da kwalta ba sa shan ruwa, saboda haka ruwan sama yakan kwashi takin zamani da man mota da laka ya zuba kai tsaye cikin kogi. Gidajen ƙauye kuma ba su haɗu da manyan bututun najasa na birni ba, kowane gida da nasa ramin, kuma idan gidajen suka yi cunkoso ƙasa ba za ta iya tace abin da ke tsattsafowa daga cikinsu ba.

Tun a shekarar 1972 aka gwada ƙarfin wannan doka, bayan da wasu ma'aurata suka cike wani fadama da yashi a bakin wani tafki a gundumar Marinette ba tare da izini ba. Kotun Ƙolin jihar ta goyi bayan gundumar, tana mai cewa mai fili ba shi da cikakken 'yancin sauya ainihin halittar filinsa ta hanyar da za ta cutar da haƙƙin sauran jama'a.

Kogin da ke da doka tasa ta daban

Kogin St. Croix yana da tsawon kilomita kimanin 270, kuma mafi yawansa shi ne iyakar jihohin Wisconsin da Minnesota, kafin ya faɗa cikin kogin Mississippi a garin Prescott. A shekarar 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar kare kogunan da ba a taɓa asalin kyawunsu ba, kuma sashen arewacin St. Croix na cikin koguna takwas na farko da aka sanya a ƙarƙashinta, bisa ƙoƙarin 'yan majalisar dattawa Gaylord Nelson na Wisconsin da Walter Mondale na Minnesota. A shekarar 1972 aka ƙara da sashen kudu mai tsawon mil 52.

Wannan sashe na kudu shi ne ya fi fuskantar matsin lamba, domin tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a mota daga tagwayen biranen Minneapolis da St. Paul, inda mutane fiye da miliyan uku ke zaune. Yawan al'ummar gundumar St. Croix kanta ya tashi daga kimanin dubu 63 a shekara ta 2000 zuwa sama da dubu 93 a shekara ta 2020. Kowa na son gida mai kallon ruwa.

Maimakon gwamnatin tarayya ta saye dukkan gaɓar, sai aka bar wa jihohin biyu aikin tsara ƙa'idoji, su kuma gundumomi da garuruwa su aiwatar. Ƙa'idojin sun fi na sauran koguna tsanani. A yankunan karkara na ɓangaren Wisconsin, tazarar gini daga ruwa ta kai ƙafa 200. Ana kuma son gida ya kasance da wuyar gani ga wanda ke cikin kwale-kwale a tsakiyar kogin a lokacin da itatuwa ke da ganye, har ma launin fentinsa sai ya saje da ƙasa da itatuwan wurin.

Sai kuma ƙa'idar da ta kai ga kotu. Daga shekarar 1976, ba za a gina gida a kan fili ba sai yana da aƙalla eka guda ta ƙasar da ta dace da gini, bayan an cire gangare mai tsauri da fadama da hanyar mota da wurin da ambaliya ke kaiwa. An yi wa masu tsofaffin ƙananan filaye rangwame, aka ce suna iya ginawa ko sayarwa. Amma idan irin waɗannan filaye biyu masu jingine da juna suka koma hannun mai su guda, to doka za ta ɗauke su a matsayin fili ɗaya, ba a sake raba su.

Filaye biyu da suka zama ɗaya

Iyayen 'yan'uwan sun sayi fili na farko a yankin Troy a shekarar 1960, suka gina ɗan ƙaramin gidan hutawa a bakin ruwa, sannan suka mayar da takardarsa da sunan kamfanin aikin famfo na iyalin. A shekarar 1963 suka sayi fili na biyu da ke jikinsa, suka bar shi da sunansu, ba su gina komai a kai ba. Da yake a takarda masu filayen biyu daban ne, sabuwar dokar ba ta haɗe su ba lokacin da ta fara aiki.

Matsalar ta ɓullo ne a lokacin da aka mallaka wa 'ya'yan fili na farko a shekarar 1994, na biyu kuma a 1995. Daga ranar, filayen sun zama na masu su guda. Ko da yake kowanne ya kai kusan eka ɗaya da kwata, wani dogon gangare ya ratsa tsakiyarsu, ta yadda idan aka haɗa ƙasar da ta dace da gini a duka biyun, ba ta cika eka guda ba. Abin da aka samu shi ne kashi 98 cikin 100 na eka.

Kimanin shekaru goma bayan haka, da ambaliya ta yi ta shiga gidan, sai 'yan'uwan suka yanke shawarar matsar da shi, su sayar da filin da babu kowa a kai domin samun kuɗin aikin. Kwamitin gundumar mai sauraron masu neman sassauci a dokar filaye ya ƙi amincewa a shekara ta 2006, kotunan jihar kuma suka tabbatar da matakin.

Daga nan ne iyalin suka sauya salo. Gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka ya haramta karɓar dukiyar mutum domin amfanin jama'a ba tare da biyan diyyar da ta dace ba. Tun a shekarar 1922 kuma Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta ce dokar da ta wuce gona da iri wajen taƙaita amfani da dukiya daidai take da ƙwacewa, ko da takardar mallaka na nan a hannun mai ita. Iyalin, bisa taimakon lauyoyin gidauniyar Pacific Legal Foundation mai fafutukar kare haƙƙin masu dukiya, suka ce abin da aka yi wa filinsu na biyu ke nan.

A nan ne lissafi ya zama shi ne shari'ar gaba ɗaya. Idan aka dubi fili na biyu shi kaɗai, mai ƙiyasin da iyalin suka ɗauko ya ce darajarsa ba ta wuce dala dubu 40 ba tun da ba za a gina shi ba, asarar kuwa ta kusa zama duka. Idan kuma aka dubi filayen biyu a haɗe, mai ƙiyasin gwamnati ya ce sun kai dala dubu 698, alhali da ana iya gina kowanne daban da sun kai dala dubu 771. Asarar ke nan ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

Mai Shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce layin da aka zana a taswira ba shi kaɗai ne ke fayyace mene ne dukiyar mutum ba. Dole kotu ta duba yadda dokar jiha da ta ƙaramar hukuma suka ɗauki filin, da yanayin ƙasar, da kuma ko riƙe fili guda na ƙara wa ɗayan daraja. Ya ce duk wanda ke da fili a bakin kogi irin wannan ya kamata ya sa ran za a taƙaita masa, kuma dokar haɗe filayen ta riga ta yi shekaru tana aiki kafin su koma hannun 'yan'uwan. Ya ƙara da cewa irin wannan ƙa'ida ta haɗe ƙananan filaye tsohuwar dabara ce da garuruwa da dama a Amurka ke amfani da ita domin rage cunkoso sannu a hankali, ba tare da an rushe gidan kowa ba.

Alƙalin Alƙalai John Roberts, tare da Clarence Thomas da Samuel Alito, sun ƙi amincewa. Roberts bai ce lallai iyalin ne ke da gaskiya ba. Damuwarsa ita ce an bai wa hukuma damar cin riba sau biyu: ta yi amfani da dokarta wajen fayyace girman filin, sannan ta sake amfani da ita wajen nuna cewa asarar ba ta da yawa. Neil Gorsuch bai shiga shari'ar ba, domin an saurare ta a watan Maris kafin a rantsar da shi.

Hujjar masu sukar dokar tana da nauyinta. Da iyayen sun mallaka wa 'ya'ya biyu fili guda, sauran biyun kuma ɗayan, da babu abin da zai hana a gina gida na biyu, kuma kogin zai ɗauki nauyin da ake gudu. Wato abin da ya raba iyalin da maƙwabtansu ba illar da za su yi wa ruwa ba ce, sunan da ke kan takarda ne. Haka kuma, lokacin da aka sanya wannan yanki mai faɗi na kogin cikin jerin ruwayen da suka gurɓata a shekara ta 2008, saboda yawan sinadarin fosfaros da ke haifar da gansakuka, gonaki da garuruwan da ke can nesa da gaɓar na da babban kaso a laifin, kuma dokar gine-ginen bakin ruwa ba ta kai gare su ba.

Ba kullum ba ne kuma ƙananan hukumomi ke yin nasara a Kotun Ƙoli. A shekarar 1994 kotun ta ƙi goyon bayan birnin Tigard na jihar Oregon, wanda ya ce ba zai bai wa wata mai kanti izinin faɗaɗa shagonta ba sai ta sallama wa birnin sashen filinta da ke bakin rafin Fanno, har da hanyar masu keke. Kotun ta ce sharaɗin da hukuma za ta gindaya dole ya yi daidai gwargwado da illar da ginin zai haifar.

Majalisa ta juya akala

A Wisconsin dai iska ta riga ta fara sauyawa tun kafin hukuncin. A shekara ta 2015 majalisar dokokin jihar, wadda 'yan jam'iyyar Republican ke da rinjaye a cikinta, ta sanya wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ya hana gundumomi yin dokar gaɓar ruwa da ta fi ta jiha tsanani. Kusan shekaru 50 ƙa'idojin jiha na matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata, gunduma na iya ƙarawa gwargwadon yanayin ruwayenta. Daga wannan shekara suka koma iyakar da ba a tsallakewa, lamarin da ya tilasta wa gundumomi da dama, musamman na arewacin jihar masu ɗimbin tafkuna, sassauta dokokin da suka daɗe suna aiki da su.

A watan Nuwamban 2017 kuma, gwamnan jihar na lokacin, Scott Walker, ya sa hannu a kan wata doka da magoya bayanta suka laƙaba wa suna dokar kare haƙƙin masu gidaje. Ta hana ƙananan hukumomi haɗe filaye ba da yardar mai su ba, ta kuma ba da damar sayar da ƙaramin filin da aka yanka bisa ƙa'idar zamaninsa, ko gina shi muddin ginin ya cika sauran sharuɗɗa. Da wannan, iyalin suka samu a zauren majalisa abin da suka shafe fiye da shekaru goma suna nema a gaban alƙalai.

Jami'an gundumar St. Croix na ci gaba da auna tazarar gini daga ruwa, da duba gangare, da bayar da izinin sare itatuwa a gaɓar kogin. Hukuncin na shekara ta 2017 kuwa, wanda ƙa'idar da ta haifar da shi ta daina aiki a jihar da ya fito, shi ne ma'aunin da kotunan sauran jihohin Amurka ke amfani da shi idan mai filaye biyu ya zo neman diyya a kan guda.