Kano bayan an watse hawan Sallah

Mu matasan Zinyau, yawancinmu ba ma shiga Kano sai ranar Hawan Daushe: ƙura, turereniya, hannu dafe da aljihu saboda waya. In ka dawo, me ka gani? Ƙeyar mutane.

Ɗan'uwa, gwada shiga motar Rano da sassafe, mako biyu bayan Sallah. Hau Dutsen Dala, ka ga birni a shimfiɗe har Goron Dutse. Ka gangara Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka yi tambaya son ranka. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, dattawa za su nuna maka yadda ake haɗa baba da toka.

Wannan karon kam, in ƙannenka suka tambaya, kana da abin ba su labari.